Tarin Sa A Turke: Ciwon Huhu Daga Hanya Yake Farawa

Duk wanda ya taɓa turke sa a bayan gida a Nima ko Maamobi, ko ya sauke tirela a kasuwar shanu ta Tulaku da ke Ashaiman, ya san sautin da babu mai dabba da ke son ji. Tari ne busasshe, gajere, wanda yake fitowa da asuba lokacin da aka tayar da dabbobi. Ranar farko a ce ƙura ce ya shaƙa. Rana ta biyu a ce sanyin teku ne bai karɓe shi ba. Kafin mako ya zagayo sai ka ga bijimin da aka sayo da kuɗi masu nauyi ya sunkuyar da kai, ya ƙi dusa, majina na zuba, haƙarƙari na bugawa. Daga nan sai a nemo mahauci da gaggawa, shi kuwa mahauci ya san halin da ake ciki, don haka abin da ya ga dama shi zai taya. A haka jarin mutane da yawa ya narke, kuma a kowace shekara sai an maimaita, musamman a makonnin da ke gaban Babbar Sallah.

Wannan sana'a gadonmu ce. Sunan unguwar Cow Lane da ke maƙwabtaka da Zongo Lane a tsakiyar Accra kaɗai ya isa shaida. Ita kanta Nima, tarihi ya nuna cewa a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya nemi filin ne daga hannun mutanen Ga domin ya riƙa ajiye shanunsa suna kiwo kafin a sayar da su. A wancan zamani da ƙafa ake koro dabbobi daga arewa, ana tafe ana kiwo ana shayarwa, a yi makonni a hanya. Yau filin da shanu suka yi kiwo ya zama gidaje manne da juna, tafiyar makonni kuma ta koma ta kwanaki kaɗan a cikin mota. Mun sami sauri, amma shi jikin sa bai canza ba, kuma a nan matsalar take.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ciwon huhun shanu ba ƙaddarar da ke faɗowa daga sama ba ne kawai, ba kuma kambun baka ko hannun maƙiyi ba ne kamar yadda wasunmu ke saurin zargi. Abubuwa uku ne ke haɗuwa: ƙwayar cuta, da jikin da ya galabaita, da wurin da bai dace ba. Biyu daga cikin ukun nan a hannunmu suke. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu 'yan kasuwa mu ne muke tsaga bangon, tun daga ranar lodi har zuwa ranar da dabba ta kwanta.

Ya kamata a fara rarrabewa, domin abin da muke haɗawa mu kira ciwon huhu ba cuta ɗaya ba ce. Ta farko ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira zazzaɓin jigila, wato ciwon da ke biyo bayan doguwar tafiya. Abin mamaki game da ita shi ne, ƙwayoyin cutar da ke jawo ta, irin su Mannheimia da Pasteurella, suna zaune ne a hanci da maƙogwaron lafiyayyen sa ba tare da sun cutar da shi ba. Idan dabba ta sha yunwa da ƙishirwa da firgici, garkuwar jikinta sai ta yi rauni. Idan kuma a wannan hali ta kwashi wata ƙwayar bairos mai kama da mura daga baƙuwar dabba, sai bututun numfashi ya kasa share dattin da yake sharewa kullum, ƙwayoyin nan su gangara cikin huhu su yi ta hayayyafa. Ga shi kuma Allah Ya halicci saniya da ƙaramin huhu bisa girman jikinta idan aka gwada da doki, shi ya sa da zarar wani sashe ya lalace ba ta da sauran da za ta jingina da shi.

Kada a ɗauka talauci ne kaɗai ke kawo wannan. A Amurka, inda ake turke shanu dubbai a wuri guda ana ɗura musu masara, ciwon numfashi shi ne kan gaba a cututtukan da ke addabar irin waɗannan gonaki. Ƙiyasin da masana ke yawan ambato shi ne kimanin kashi 75 cikin 100 na rashin lafiyar shanun turka, da rabi ko fiye na mace-macensu, daga gare shi suke. Kuma abin da suka gano ya yi daidai da abin da muke gani a nan: ciwon ya fi kama dabbobi a makonni biyu zuwa uku na farko bayan saukarsu, ya fi kama ƙanana da waɗanda ba su jima da barin nono ba, ya fi kama waɗanda suka yi tafiya mai nisa, sannan ya fi kama waɗanda aka tsinto ɗaya-ɗaya daga kasuwanni aka gwamutsa, a kan waɗanda suka fito daga garke guda.

To mu dubi tamu hanyar. Daga kan iyakar Paga zuwa Accra kimanin kilomita 800 ne, ta Bolgatanga da Tamale da Kintampo da Techiman da Kumasi. Wannan ban da nisan da dabbar ta riga ta yi daga kasuwanni irin su Pouytenga ko Fada N'Gourma a Burkina Faso, ko daga Mali da Nijar. Domin a rage kuɗin mota, sai a cusa dabbobi fiye da abin da tirela za ta ɗauka, ƙaho na gogar ƙaho, babu wurin juyawa. Ana tafe rana na dukansu, dare ya yi sanyi ya buge su, ƙura da hayaƙin mota na shiga hancinsu. Ga tsaye-tsaye a shingayen bincike, inda za a bar mota a rana sa'o'i ana cinikin na goro, ga lalacewar mota a daji. Sau da yawa daga lodi har sauka babu ruwa babu ciyawa. A Amurka tun shekarar 1873 aka kafa dokar da ta hana a wuce sa'o'i 28 da dabba a abin hawa ba tare da an sauke ta an ba ta ruwa da abinci ta huta ba. Mu nan, shekaru fiye da 150 bayan haka, har yanzu direban da ya tsaya shayar da dabbobi ana ganin ɓata lokaci yake yi.

Idan aka sauka kuma sai a shiga mataki na biyu. A kara, san da ya fito daga Mali yana shan ruwa a kwami ɗaya da wanda ya fito daga Bawku, hanci na taɓa hanci. Wanda bai sami mai saye ba yau zai kwana ya tarbi sababbin gobe. Kowace dabba ta zo da ƙwayoyin cutar garinsu waɗanda jikinta ya saba da su, ta miƙa wa wadda ba ta taɓa haɗuwa da su ba, a daidai lokacin da dukansu suke a gajiye. Daga nan mai turka ya zaɓi nasa ya kai gida, ya ɗaure shi kusa da waɗanda ya yi watanni yana wa hidima. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Mataki na uku shi ne turken kansa. A lungunan unguwanninmu fili ya yi ƙaranci, don haka akan killace dabba a ƙarƙashin rufin kwano, a toshe ko'ina saboda tsoron ɓarayi. Fitsari da kashi su taru, warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye ya riƙa tashi, kuma shi wannan wari yana ƙona hanyar numfashin dabba kamar yadda yake yi wa mutum. Da hunturu ƙura ce, da damina laima ce. Idan ba a manta ba, Babbar Sallah ta 2023 da ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, wato tsakiyar ruwan kudancin Ghana, lokacin da san da ya tashi a busasshiyar ƙasa zai kwana cikin taɓo. Sai kuma batun abinci. Dabbar da ta saba da ciyawar daji, rana ɗaya a cika mata kwano da dusar alkama ko masara don ta yi saurin ƙiba. Wannan na sa tumbinta ya yi tsami, ta daina ci, ta yi zawo, jikinta ya ƙara raunana. A wasu dabbobin tsamin kan ci bangon tumbi har ƙwayoyin cuta su bi jini su yi ƙurji a hanta, daga hanta su wuce huhu. Busasshiyar dusa mai ƙura da harawar da ta yi fumfuna su ma suna da nasu kason.

Cuta ta biyu ta fi wannan haɗari, ita ce ainihin ciwon huhu mai yaɗuwa wanda makiyaya suka sani tun kaka da kakanni, har Fulanin da suka riƙa yi wa shanunsu shasshawa a kan karan hanci da ɗan yankin huhun da ya kamu domin kare su. Ƙwayar da ke kawo shi ana kiranta Mycoplasma mycoides, kuma ta numfashi da tari take bi daga dabba zuwa dabba. Ba ta kama mutum. Alamunta ba su ɓuya ga wanda ya sani: sa ya tsaya ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, ya buɗe baki yana nishi, idan aka kora shi ya yi tari mai ciwo. Idan aka yanka, akan tarar da ruwa rawaya ya cika ƙirji, huhu ɗaya ya yi tauri ya manne da haƙarƙari. A garken da bai taɓa saninta ba tana iya kashe har rabi.

Abin da ya sa muka ce ta fi haɗari shi ne yadda take ɓuya. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu akan ɗauki makonni uku, wani lokaci har watanni shida. Sannan dabbar da ta yi jinya ta tashi ba lallai ta rabu da cutar ba, domin ƙwayar kan zauna da rai a wani ƙulli cikin huhu tsawon watanni. Irin wannan sa yana iya ƙiba, gashinsa na sheƙi, a yi masa kallon kitse, alhali wahalar hanya na iya tayar da ciwon ya fara rabawa. Tarihi ya nuna abin da dabba ɗaya kan jawo. Saniya guda da aka kai Ostireliya daga Ingila a 1858 ita ta shigar da cutar ƙasar, ba su kuma rabu da ita ba sai a 1973. A Botswana, da ta ɓulla a yankin Ngamiland a 1995, sai da gwamnati ta hallaka shanu kimanin 320,000 kafin ta shawo kanta. Amurka ta kawar da ita tun 1892. A yau nahiyarmu ce matattararta, kuma hanyoyin fataucinmu na daga cikin hanyoyin da take bi.

Akwai dalilin da ya sa ta ci gaba da zama a yankinmu. A shekarun yaƙi da cutar bushiya, ma'aikatan gwamnati kan bi ruga-ruga suna yin allura kyauta, kuma a wurare da yawa rigakafin bushiya da na ciwon huhu a haɗe ake yin su. Da aka ci galabar bushiya, wadda aka shelanta kawar da ita daga duniya a 2011, sai kuɗin gangamin ya ɗauke, rigakafin ciwon huhu ya bi shi. Allurar tana nan, ana yin ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos da kuma ta Garwa a Kamaru, amma kariyarta ba ta wuce kimanin shekara guda, sai an maimaita, kuma tana lalacewa idan ba a ajiye ta cikin sanyi ba. Rigakafi ce, ba magani ba, don haka lafiyayyar dabba ake yi wa tun a garke, ba wadda ta fara haki a kasuwa ba.

A nan ne dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Abin da ya zama ruwan dare shi ne, da sa ya fara tari sai a sayo kwalbar allura a tebur, wadda ta sha rana, a zuba masa ba awo ba lissafi. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, ya ɗaga kai, sai a garzaya da shi kasuwa kafin ciwon ya dawo. Dillali ya sani, mai dabba ya sani, mai saye ne kaɗai bai sani ba. Wannan ba wayo ba ne, ha'inci ne. Malamanmu sun sha bayyana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana ba ta isar wa layya. Ban da haka, idan ciwon huhu mai yaɗuwa ne, rabin magani na iya kwantar da alamu ya bar ƙwayar, ka mayar da dabbar mai yawo da cuta. Kuma kowace irin allura tana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda dole a jira kafin a yanka. Wanda ya yanka kafin lokacin, iyalan mutane ya ciyar da ragowar magani. Kada kuma a manta cewa ba kowane tari ne ke tsayawa kan dabba ba: tarin fukan shanu yana kama mutum, musamman ta madarar da ba a tafasa ba. Shi ya sa duba huhu a mayanka ba neman fitina ba ne.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce riba ƙanƙanuwa ce, kuɗin mota ya hau, canjin sefa da sidi na cin mutum, kowane kwana ɗaya da dabba ta ƙara a hannu kuɗi ne. Duk gaskiya ne. Amma kowa ya ɗauki alƙalami ya lissafa: ribar shanu nawa ake buƙata kafin a mayar da kuɗin bijimi ɗaya da ya mutu? Shanu biyun da aka ƙara cusawa a tirela don a rage kuɗin mota, idan suka jawo faɗuwar ɗaya, ina ragin yake? Sannan asarar ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. A watan Yunin 2023, da ciwon saifa ya ɓulla a gundumar Binduri, hukumomin Jihar Gabas ta Sama sun hana zirga-zirga da sayarwa da yankan dabbobi ana saura makonni kaɗan Sallah. Wannan ba ciwon huhu ba ne, amma darasin ɗaya ne: idan annoba ta tashi, hukuma ba ta tambayar wane ne mai gaskiya, kasuwar gaba ɗaya take rufewa.

Batun takardu ma na buƙatar a sake duba shi. Tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobin kiwo, wadda ke nuna adadinsu da rigakafin da aka yi musu. Amma Burkina Faso da Mali da Nijar, inda mafi yawan shanun da muke shigowa da su ke fitowa, sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Ita cuta ba ta san wannan ba. Wajibi ne hukumomin lafiyar dabbobi na ɓangarorin biyu su ci gaba da magana da juna, su amince da takardun juna, su riƙa sanar da juna inda ciwo ya ɓulla. Takardar da aka buga wa hatimi ba tare da an leƙa cikin mota ba kuwa, ba ta da amfani ga kowa.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu fatake da su fara daga wurin saye. A tambayi asalin dabba da lokacin da aka yi mata rigakafi. A kora ta ta ɗan yi gudu, a tsaya a saurari numfashinta. A shayar a ciyar kafin lodi, a rage cunkoso, a ware ƙanana daga manya, a yi yarjejeniya da direba tun farko kan inda za a tsaya a ba da ruwa. Masu turka kuma su ware sabuwar dabba nesa da tsofaffi na makonni uku, da kwanon ruwanta daban. Wannan ba zai kama kowane ɓoyayyen ciwo ba, amma zai tare mafi yawan na hanya. A fara da ruwa mai tsabta da ciyawa ko harawa, a riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, a ɗan yayyafa mata ruwa don kashe ƙura. A buɗe wa iska hanya, a kwashe kashi kullum. Ma'aunin zafi bai kai kuɗin buhun dusa ba: idan zafin jikin sa ya kai 40, a ware shi a kira likitan dabbobi a ranar, domin huhun da ya riga ya lalace ba ya komawa yadda yake.

Muna kuma kira ga shugabannin kasuwar Tulaku, da sarakunan zango da sarakunan fawa, da su keɓe wuri na musamman ga dabbar da ta sauka da alamun ciwo, su kuma kafa ƙa'idar cewa duk dillalin da aka kama ya ɓoye aibi zai mayar da la'ada ya ɗauki asara. Mahauta su ne idon wannan sana'a, domin su ke ganin cikin ƙirji. Idan suka ga huhu ya manne da haƙarƙari, su sanar da ma'aikacin lafiya, a bi sawun inda dabbar ta fito. Limamanmu su ma su taɓo batun a huɗuba kafin Sallah.

Ita kuwa Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona ta Ghana, tana da ikon da dokar cututtukan dabbobi ta 1961 ta ba ta na tsarewa da killacewa. Abin da muke nema shi ne a haɗa ikon da hidima: wurin saukewa da ruwa da inuwa a Paga da kan hanyar kudu, rigakafin shekara-shekara da zai isa ruga, da rage shingayen da ke tsayar da motar dabbobi a rana. Muddin ɗan kasuwa na ganin cewa sanar da ciwo daidai yake da rasa dabbarsa ba diyya, to ɓoyewa zai ci gaba da yi.

Iyayenmu da suka kafa waɗannan zanguna sun yi ciniki ne da amana, mutum ya bar garke a hannun maigidansa ya koma arewa, kuɗinsa su same shi cif. Wannan amana ita ce jarin da ya fi kowane bijimi tsada. Wanda ya sayar wa ɗan'uwansa tari a yau, gobe a kwami ɗaya shanunsu za su sha ruwa. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya ba mu ikon gyarawa.